Sunan da Na Amsa

Daga Arzika a Kandi, ƙasar da Faransawa ke mulki, zuwa ga wana Malami a Geza. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya iyali, yaya ƙafar Inna Tasallah?

Ni lafiya lau nake. Aikin hanya ya yi sauƙi, dutse kawai muke fasawa yanzu, tarin da nake fama da shi ma ba kullum yake tashi ba.

Bayan haka, matata Mero ta sauka ranar Juma'a, an samu namiji. Na so a rubuta shi Ɗanjuma ɗan Arzika, jikan Abu masunci. Amma ka tuna shekarar da muke kamun kifi a gaɓar kogi ta ɓangaren Faransawa, mai gari ya ba da sunanka aikin tilas, na amsa a madadinka saboda 'ya'yanka ƙanana ne? To, shekara shida ke nan ni ne Malami a takardarsu. Magatakarda ya ce sunan da ke takardar uba shi ɗa yake ɗauka. In na faɗi gaskiya su ɗaure ni, kai ma su kama ka duk ranar da ka haye kogi. Ina tsaye ina kallo ya rubuta Ɗanjuma Malami.

Wallahi ba ƙorafi nake yi ba. Kada dai Inna ta ji. In an samu mai zuwa, a aiko mini da busasshen kifi.

Roƙona ɗaya ne. In wata rana baƙo ya zo Geza yana tambayar gidan ubansa Malami, ku shimfiɗa masa tabarma, ku gaya masa an taɓa yin wani Arzika a gidan nan.

Wassalam.