Kitson Waya Uku

Oloumi, Libreville

Zuwa ga Ummata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya su ƙanena Mahdi? Umma, ina tsaka mai wuya. An kawo mana ƙwaƙwalwar sikelin da ake auna gungumen katako da shi a tashar jirgin ruwa ta Owendo. Tana cikin aiki sai ta ɗauke, ta farka ta manta abin da ta auna. Mai shagonmu ya ce in na gyara ya riƙe ni aiki, in na kasa ya nemi wani. Kawu Issoufou kuwa har ya goge mini kujera a kantinsa na unguwar PK8, wai in zo in riƙa awon shinkafa. Ni da na karanta lantarki!

Na dai kama bakin zaren. Abin da ke ba ta wuta datsa lantarkin yake yi da sauri-sauri, kowace datsa tana barin datti a layin kamar tsakuwa a shinkafa. Na canja kondansater, 'yan gwangwanayen da ke tace wutar, na matso da su gindinta. Ta yi sauƙi, amma ba ta warke ba. A sa ni a addu'a.

'Yarki, Kamila

Kano

Ke 'yar nan,

Na amsa gaisuwa. Addu'a kullum ana yi. Ni dai ban san tsakuwa a cikin wuta ba. Da kin riƙe kitson da na koya miki, da yanzu kan amare kike kamawa, ba kan sikeli ba. Hannun da na sha wahalar gyarawa kin kai shi ga dalma, abin yana min ciwo. Jiya maƙwabciyata Hajiya Oumou ta tambayi aikinki, na ce gyaran rediyo. In abin ya ƙi, kantin kawunki ba abin kunya ba ne. Ki riƙa cin abinci.

Ummanki

Oloumi

Umma, albishirinki!

Gaisuwa tana tafe, bari in fara da wannan. Na bi layin da na'urar da ke zana wuta a gilashi, ashe wayoyi biyun da suka fito daga mai ba da wutar ne. An bar su wara-wara, suna watsa dattin kamar eriya, wayar awo tana kwasa. Maganin a littafi yake: a naɗe su su rungumi juna, dattin wannan ya kashe na waccan. To amma wurin ƙunci ne, ko filaya ba ta shiga. Sai na sa yatsu. Na haɗa su da wayar ƙasa, uku ke nan, na kitse su tsaf kamar ina yi wa ƙanwata Hawaou shuku.

Wallahi zanen ya kwanta lif! Ƙwaƙwalwar kuwa an mayar da ita Owendo, tana ta awo ba ta ƙara ɗaukewa ba. An riƙe ni aiki, Umma. Kawu ya mayar da kujerarsa ciki, har da sayo mini lemo. Ga hoton nan, ki duba aikin 'yarki. Ina gaida kowa da kowa.

Kamila

Kano

'Yar nan,

Goro fari. Na ga hoto. Jelar ta ɗan saki, sau nawa zan ce ki ja ƙarshe? Amma kitso ya yi. Na sa Mahdi ya wanko shi babba, na kafa inda nake zama da masu kitso. Hajiya Oumou ta shigo, ban bari ta zauna ba. Na ce duba nan, kan inji ne, Kamilata ce ta kitse shi, kuma hannuna ne.

Allah ya yi miki albarka.

Ummanki