Rigar Sanyinka Ta Tafi Kano

Sani,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya baƙunta, ya sanyin Hamburg? Mu nan Guangzhou lafiya lau, da yayanka da iyalinsa.

Yayanka ya ce wai za ka kallon kasuwar Kirsimeti, har da yawo kan ruwan da ya daskare. Da wannan ƙirjin naka? Ciwon ƙirjin nan ne ya kashe ubanka.

Na saya maka rigar sanyi mai kauri a nan unguwar Dengfeng, na kai wa mai yi mana lodi, na ce ta Sani ce. Shi kuwa ya jefa ta kwantenar Kano yadda ya saba. Jirgin har ya tashi.

Ba yadda zan yi. Ka zauna ɗaki, ka yi kallon ta taga. Na san ba ji za ka yi ba.

Ka sa mu a addu'a. Ka gai da mai masaukinka, ka roƙe shi aron riga, ba abin kunya ba ne.

Innarka