Kanwa Ta Ci Gaban Moton Surukina

Hauwa ta sauka! Mace ce, lafiyayya, ga gashi cike da kai, ga murya har maƙwabta sun shaida. Alhamdu lillahi. To bari in koma in yi sallamar da murna ta sa na tsallake. Salamu alaikum, Malam mai filin shawara. Don Allah ka taimake ni, domin a tsakiyar wannan farin ciki akwai abin da ya tsaya mini a rai.

Ni dattijo ne, fataucin kanwa nake yi a Guci, nan tsallaken iyaka, ɓangaren Faransa. Boko kuwa sai da gemuna ya yi fari na koye shi, a lakwal ɗin manya, wato makarantar da mushe, malaminmu, ke yi mana bayan la'asar. In ka ga hannuna ya karkace ka yi haƙuri. Jaridarku wani ɗan'uwana ke riƙo mini in ya dawo daga Kano.

Hauwa ita kaɗai Allah ya bar mana, ni da mai ɗakina Ɗela. Ta daɗe a gidan miji shiru, har mun daina tayar da maganar. Yanzu ga shi an raɗa wa yarinya suna Yakura, sunan kakarta ta wajen uba, don mutanen Manga ne. Na gaya wa Ɗela ta matsa gefe, na yi amarya. Ta ce ai an dace, ango ba haƙori, amarya ba haƙori.

Mijin Hauwa ba zan rubuta sunansa ba, ka san tsakanin mutum da surukinsa. Malamin allurar shanu ne a Dungas. Yana da moto, abin da ku can kuke cewa babur, ya saya a hannun wani Bature mai sayen gyaɗa da ya tashi daga Magarya. Farkon damina aka tura shi Yamai ƙaro ilimi. Ya kawo Hauwa gida goyon ciki, ya kawo moton kuma, ya roƙa ta bakin Ɗela a ajiye masa. Na duba gidana kaf, ɗakin da ya fi rufi mai kyau da ƙofa mai kwaɗo shi ne wanda nake tara kanwa. Nan na shigar da shi, na cusa gabansa tsakanin buhuna don kada ya faɗi, na lulluɓe shi da tabarma. A ganina girmama shi na yi.

Bayan suna na ce bari in fito da shi in goge. Malam, da na yaye tabarmar nan sai da na zauna. Ashe kanwa ta sha laimar damina ta yi ta gumi a kansa. Akwai sandunan ƙarfe biyu da suka sauko daga wajen hannu suka riƙe ƙafar gaba, su ne ke shiga suna fita in an faɗa rami. Da can mutum na ganin fuskarsa a jikinsu. Yanzu samansu ya yi jan tsatsa da 'yan ramuka kamar zanzana, ƙasansu kuma, inda ke da farin ƙarfe mara nauyi, ya yi fari fat yana zubar da gari.

Kowa da tasa shawara. Ɗela ta ce yashi da toka da ruwan tsamiya, yadda take wanke tasoshinta na tagulla. Na gwada yashin a wuri kaɗan, ya yi haske amma duk ya karce, da gari ya waye ya fi da ja. Sambo maƙeri, aminina tun ƙuruciya, ya ce in kwance su in kawo ya goge da zarto, ya gasa a wuta, ya shafe da man gyaɗa su yi baƙi kamar sabuwar hauya, ba su ƙara tsatsa. Rabe mai gyaran keke a kasuwa ya ce a shafe duka da baƙin fenti, ba wanda zai sani. Wannan ta Rabe ita ta fi jan raina, ita kuma na fi jin kunyarta.

Ga inda abin yake. Ya aiko cewa zai dawo lokacin arba'in, kuma a kan moton nan yake son ya mai da Hauwa da jaririya ɗakinsu. In kanwa ta ci ƙarfen har ciki, na rufe da fenti, ya karye da su a hanya fa? In kuma gaya masa zan yi, da wane baki? Tun da ya auri 'yata ba mu taɓa zama mun yi hira ba. Daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa, ni kuma in kau da kai in amsa. Na san ko ya gani ba zai ce uffan ba, godiya ma zai yi. Wannan ne ke hana ni sakewa.

Ka gaya mini yadda ake gyara ƙarfen nan, da yadda zan yi da mai shi. Sannan kai da duk mai karanta wannan, in hanya ta biyo da ku Guci ranar kasuwa, ku tambayi gidan mai kanwa. Ku zo ku ga Yakura, ku ga hancinta, nawa ne sak, ko da Ɗela na musu.

Kakan Yakura, Guci

Baba Kakan Yakura, wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya raya amarya, ya ba mai jego lafiya. Rubutunka kuwa ya karantu sarai.

Na kai takardarka wurin wani makaniki da ya daɗe yana gyaran babura, ga abin da muka tsayar. Fara fitar da shi daga ɗakin nan yau. Ka wanke gaban da ruwa mai tsabta da sabulu har kanwa ta fita duka, domin muddin tana nan ci take yi. Ka tsane shi da tsumma ya bushe a inuwa. Sai ka jiƙa tsatsar da kananzir ta kwana, ka dunƙule farar takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin sigari, ka riƙa gogawa a hankali kana sharewa. Farin ƙarfen ƙasa kuma, toka tankaɗaɗɗiya mai laushi da ɗan mai a tsumma ta ishe shi, ka share ta tas in ka gama. A ƙarshe ka shafe ko'ina da man inji.

Goggo Ɗela tana da rabin gaskiya, tokarta na da amfani. Amma tasa tagulla ce har ciki, shi kuwa hasken nan wata siririyar riga ce aka yi wa ƙarfen, yashi yana tuɓe ta. Sambo ya san hauya, sai dai wuta za ta kashe ƙarfin sandunan ta lanƙwasa su, kada ya taɓa. Fentin Rabe ya halatta a ƙasa, bayan mai abu ya gani. A wurin da ke shiga yana fita ba a sa fenti ko kaɗan.

In ka gama, ka bi wurin da farce. Inda farce ya wuce sumul, tabo ne kawai. Inda ya maƙale, ramin zai yaga abin da ke tare mai a ciki, sai makaniki ya duba a Magarya ko Damagaram kafin a ɗauki kowa a kai.

Yanzu maganar suruki. Kunya tana hana ku hira, ba ta hana saƙo. Ta bakin Goggo Ɗela ajiyar ta shigo, to ta bakinta labarin zai fita, tun kafin ya ga moton. A gaya masa inda ka ajiye, da dalilin da ya sa ka zaɓi ɗakin, da abin da ka yi na gyara. Zai ji ɗan zafi, hakkinsa ne, ka bar shi ya ji. Amma zai gane cewa ɗakin da ya fi kowane tsaro ka ba kayansa.

Hauwa da Yakura kuwa, ko da moton sabo ne fil, ban yarda su hau shi cikin yashin nan ba. Kai bafatake ne, ba ka rasa takarkari mai sanyin hali. Ka shimfiɗa musu, ka raka su da kanka.

Baba, shekara da shekaru surukin nan yana riƙe da ajiyarka, wato Hauwa, ya kawo maka ita gida lafiya, har ga ƙari. Kai ma ka mayar masa da tasa, da tabonta a fili. Allah ya bar zumunci. A shafa mini kan amarya, hancin kuma sai na zo na gani da idona in raba gardama.