Sararin da Na Share

Alƙahira, Talata 12 ga Ramadan, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, ina jiran kwamfuta ta gama haɗa hoto.

Yaya Nagwa,

Ina gaisuwa. Yaya gwiwar Mama? Yaya mutanen Suhag? Ni lafiya lau, idon ma ya rage ja.

Mama ta kira ni kan fim ɗinmu na tarihi da ake nunawa bayan shan ruwa. Ta ce, "Wutar da Sabri ya cinna wa jirgin ruwan nan, wallahi sai da na ja da baya! Kai ina naka, Midhat?"

Sabrin maƙwabtanmu fa, wanda nake koya wa lissafi a da, yanzu wurin aikinmu ɗaya. Shi aka ba aikin haɗa wuta a kwamfuta. Ni aikina goge wayoyin lantarki da farantan tauraron ɗan'adam na kan rufi daga cikin hoto, domin babu su a zamanin da. Idan an ga aikina, to na ɓata. Da sahur har Sabri cewa ya yi, "Mai shara, miƙo burodi." Na miƙa. Allah ya ƙara masa, da gaske nake, ko kusan haka.

Bayan Sallah mutum ɗaya a cikinmu za a riƙe a wurin aiki.

Don Allah, a kashi na sha huɗu, minti na tara, ki nuna wa Mama sararin bayan hasumiya. Kwana shida na yi a kansa.

Abin da ban sani ba: wa za a riƙe, ko za a sa sunana a ƙarshen fim, da abin da Mama za ta gani in kin nuna mata.

Ƙaninki,
Midhat