Takardar da aka manne da leda

Baba,

Na fita kana barci, ina so in kama layi da wuri a ofishin jakadanci.

Jiya faɗa kawai na yi ta yi, ban yi maka bayani ba. Ka yafe mini. Takardar haihuwar jikanka ce suka ƙi karɓa, wadda ka kai aka manne da leda. Matar da ke karɓar takardu ta shafa ta da yatsa, ta ce, "Ba na jin tudun hatimin, ba zan iya karɓa ba." In babu ita babu fasfo, in babu fasfo ba za a sabunta masa izinin zama ba. Ranar Alhamis nasa zai ƙare.

Yau zan roƙe su su duba kwafin da ke wurinsu. Don Allah kada ka ce za ka ɓare ledar, rubutun zai biyo ta. Na san ka da reza.

Na sani, gudun kada ruwa ya taɓa ta ka yi. Amma takardar aurena da na gani a aljihun rigarka, na ɗauke abata.

'Yarka