Waƙa Ba 'Yan Amshi

Yaya Bitrus,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Mama?

Mawaƙin nan na Ingila da muke ji a shagonka ya rabu da abokansa, ya fitar da faifai shi kaɗai. Na saurara a jirgin ƙasa, hanyar Soundview, unguwar da nake zaune a nan ƙasar waje. Yaya, bai yi ba! Muryar tana nan, amma sai ya ja baiti ya yi shiru, ba mai amsa masa. Ina aka taɓa waƙa ba 'yan amshi? Ban san sanda na amsa da ƙarfi ba, fasinjoji suna kallona.

Tun ranar na kasa sukuni. Ku sa ni a addu'a. Ka gaida kowa. Kuma don Allah, in na kira, ka riƙa ɗauka.

Ƙanwarka,
Ladi