Hayaƙin kifi a ɗakin haya

Daren Laraba, watan Rajab, garin Lis

Na kasa barci. Inna ta shekara talatin a unguwar Jarwal ta Makka babu iƙama, wato takardar izinin zama, ko Jidda ba ta zuwa. Ni na matsa mata mu zo wannan ɗan gari na bakin teku ta huta kwana biyu. Na kama ɗaki ɗaya mai ɗan kicin a lungu. Wurin rajista sunana kaɗai na bayar, ita kuma na shigo da ita ta ƙofar baya.

Da la'asar ta ce ba za ta ci abincin saye ba, ta hau suyar kifi. Hayaƙi ya turnuƙe ɗakin, ƙararrawar gobara ta kama ƙara. Kafin in kashe gas an ƙwanƙwasa ƙofa. Mai kula da gidan ne, wani dattijo ɗan Sudan. Ya dubi faranti biyu, ya dubi Inna da cokali a hannu.

Ya ce, "Mahaifiyarka ce?"

Na ce ita ce. Sai ya ce:

"Gobe ƙarfe tara mai gidan zai zo. Kada ya same ta."

Da ya fita na fara haɗa kaya, na ce mu koma Makka yanzu. Inna ta karɓe jakar daga hannuna.

"Ɗan nan, tunda aka haife ni ban taɓa sa ƙafa a teku ba. Bayan asuba ka kai ni, sannan mu tafi."

Ga ta can tana minshari. Ni kuwa ko takalmi ban cire ba.